Omeka a zauren Baffa: yadda na ga kamun ludayinta wajen baje kolin takardun garinmu

Ambaliyar 2022 ce ta sa na san akwai wata manhaja wai ita Omeka. Ƙauyenmu yana ƙasar Ringim, ba nisa da kogin Haɗeja, kuma a daminar nan ruwa ya shigo har tsakar gidan Baffa, ya kwanta a gindin ɗakin da adakar kakanmu take. Da ya janye muka jawo adakar zaure muka buɗe. Alƙur'ani rubutun hannu ya tsira, don yana cikin gafakarsa a rataye a bango. Takardun da ke ƙasan adaka kuwa sun manne da juna kamar an shafa musu koko, tawadar ta narke ta rina gefen takarda. Baffa ya daɗe yana juya guda ɗaya a hannunsa, can ya ce, "Rubutun mahaifina ne wannan, ga shi yau ko layi ɗaya ba na iya fitarwa."

Ni malamin tarihi ne a makarantar sakandare, ba masanin kwamfuta ba. Abin da na fara yi shi ne abin da kowa zai yi: na ɗauki hoton waɗanda suka tsira da waya, na zuba su a zauren WhatsApp na dangi. Aka yi ta "Allah ya jiƙan Malam" kwana biyu. Bayan wata biyu na nemi wata wasiƙa a ciki, na tarar katin ɗaurin aure da sanarwar rasuwa da muryoyin gaisuwar Juma'a sun binne ta. Wanda ya sauya waya kuma shi ke nan, nasa sun tafi. Ƙanina da ya karanta kwamfuta a Dutse shi ya ce mini, "Yaya, wannan ba ajiya ba ce, watsi ne. Akwai abin da aka yi musamman don irin wannan aikin."

Omeka manhaja ce ta kyauta da ake ɗora wa a intanet don a tara hotuna da takardu da muryoyi da bidiyo, a rubuta bayanin kowanne, sannan a zaɓo wasu a jera su a matsayin nuni mai labari. Wata cibiyar tarihi ce mai suna Roy Rosenzweig a Jami'ar George Mason da ke jihar Bajiniya a Amurka ta fito da ita a 2008. Sunan ma ba na Turawa ba ne, daga Suwahili aka aro shi, ma'anarsa shimfiɗa haja a fili don a gani. Da na ji haka na yi dariya, na ce ashe baje koli ake nufi. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan koli ranar kasuwa ya kwance ƙunshinsa, ya jera madubi nan, allura nan, kwalli can, ya san me manhajar nan take son yi. Iri biyu ce: akwai Omeka Classic, ta asali, wadda ta dace da shafi guda, da Omeka S da ta fito a 2017 don manyan cibiyoyi masu son buɗe shafuka da yawa daga rumbu ɗaya. Mu ta farkon muka ɗauka, kuma a kanta nake magana.

Abin da ya fi burge ni da ita shi ne abin da ya fi ba ni haushi a makon farko. Ba ka isa ka jefa hoto ka wuce ba tare da ta shimfiɗa maka gurabe goma sha biyar a gabanka ba: sunan abin, wanda ya yi shi, yaushe, da wane harshe, daga ina ya fito, wa ke da haƙƙinsa, da sauransu. Ba dole ne ka cike duka ba, amma suna nan fayau suna kallonka. Tsarin nan ana ce masa Dublin Core, kuma an tsara shi ne a wani taro a 1995 a garin Dublin na jihar Ohayo, ba babban birnin Ayalan ba kamar yadda na fara zato. Amfaninsa shi ne ɗakunan karatu na duniya sun san shi, don haka in wata rana Arewa House a Kaduna ko wata jami'a ta so karɓar bayananmu, ba sai an sake rubutu daga farko ba.

To amma ka zauna da takardar Malamin ƙauye ka ce za ka cike gurbin "wanda ya yi", nan za ka san tsugune ba ta ƙare ba. Na ɗauki wani kwafin Ishiriniya na rubuta sunan kakanmu a gurbin. Da na nuna wa Alaramman tsangayarmu, ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, kakanka ne ya yi Ishiriniya?" Na ce, "Allah gafarta Malam, rubutunsa ne." Ya ce, "Kwafa ya yi. Mai littafi daban, mai alƙalami daban, wanda ya yi zayyanar gefe ma ina jin wani ne, don hannun ba ɗaya ba ne." Haka na koma na sa Alfazazi a gurbin mawallafi, na sa kakanmu a gurbin wanda ya ba da gudummawa, na rubuta "mai kwafi" a gaban sunansa. Da a WhatsApp ne, da har yau dangi suna yawo da kuskurena.

Gurbin kwanan wata ya fi wannan rikici. Masu kwafin da sukan rufe littafi da cewa an gama ranar Laraba bayan azahar a watan Rajab, su yi salati, su ajiye alƙalami, shekara kuwa ko oho. Inda aka rubuta shekarar ma ta Hijira ce, kuma shekarar Hijira guda takan taka shekarun Miladiyya biyu: 1350 ta fara a 1931 ta ƙare a 1932. Tsofaffi kuma da abin da ya faru suke lissafi. Gwaggo ta ce an haifi babarta "shekarar Kakalaba", wato yunwar 1913 zuwa 1914. Wani ya ce an sayi gonarsu "bayan jirgi ya fara zuwa Nguru", wato bayan 1930. Alhamdu lillahi gurbin yana karɓar duk abin da ka rubuta, ba ya tilasta maka lambobi, kuma kana iya ƙara layi na biyu a gurbi ɗaya. Sai muka yi ƙa'ida: layin farko shekarar Miladiyya da lambobi in mun tabbatar, don jerantawa ta yi daidai, layi na biyu yadda mai takarda ko mai baki ya faɗa, kalma da kalma. In ba mu tabbatar ba sai mu bar na farkon fayau. Takardar kanta takan taimaka: ka ɗaga ta a rana, in ka ga alamar jinjirin wata uku a jikinta, irin takardar nan ce ta Italiya da fatake suka riƙa kawowa ta hamada. Ba za ta ba ka shekara ba, amma za ta gaya maka ba jiya aka yi rubutun ba.

Rasit ɗin haraji da jangali su suka fi sauƙi, don suna da hatimi da shekara. Wani dattijo ya kawo mana nasa a cikin gwangwanin sigari, a naɗe da tsumma. Na farkon cikinsu da fam da sule aka rubuta, daga 1973 suka koma naira da kwabo, suka tsaya cak a 1979, shekarar da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a tsohuwar jihar Kano, lokacin mu ma Kanawa ne, don sai 1991 aka yanke Jigawa. Na yi shekaru ina rubuta wa ɗalibai wannan a allo suna hamma. Ranar da na nuna musu rasit ɗin a jere a waya, har da wanda sunan kakan ɗayansu ke kai, sai da aka kaɗa ƙararrawa sau biyu kafin su fita.

Yanzu maganar da mai karatu a ƙauye zai fi son ji: wuta da sabis. Omeka a intanet take zaune, ba a cikin kwamfutarka ba. Duk gyaran da za ka yi, ko wasali ɗaya ne, sai da sabis. A garinmu sabis ɗin kirki sai bayan sha ɗaya na dare, ko ka hau tudun bayan makaranta. Sau da yawa na cike gurabe goma, na danna ajiyewa, abin ya yi ta juyawa har ya yanke, na dawo na tarar babu komai. Ba laifin manhajar ba ne, an gina ta ne a inda ba a san wannan ciwon ba. Maganin da muka samu shi ne raba aikin gida biyu. Cibiyar da ta yi Omeka ta fito da wata manhajar kyauta a 2017 mai suna Tropy, wadda ake sa wa a kwamfuta, tana aiki ba tare da intanet ba. A cikinta nake tara hotuna, in haɗa shafukan takarda ɗaya wuri guda, in rubuta abin da na karanto. Bayanan da za su hau shafi kuma a jadawali nake jera su, layi ɗaya abu ɗaya. Ranar Asabar in na shiga Ringim sai in zuba jadawalin gaba ɗaya ta wani ƙari da ake liƙa wa Omeka mai suna CSV Import. Aikin mako guda yakan hau kafin in gama shan shayi.

A nan na tafka kuskuren da nake so kowa ya kauce masa. Karon farko na ajiye jadawalin ba a tsarin UTF-8 ba, wato tsarin ajiye rubutu da ya san haruffanmu masu lanƙwasa. Da ya hau, duk inda akwai ƙ ko ɗ ko ɓ sai alamar tambaya ta maye gurbinsa. Ƙofar gari ta koma "?ofar gari", ɗan'uwa ya koma abin da ba ya karantuwa. Na yi zufa a banza, ashe ƙarin yana da maɓallin janye duk abin da ka zuba a karo ɗaya. Na janye, na sake ajiyewa daidai, na mayar. Omeka kanta tana nuna haruffanmu masu lanƙwasa lafiya lau.

Nema ne dai sai an yi dabara. Wanda ya rubuta "kofa" da k ba zai ga abin da aka rubuta "ƙofa" ba, kuma mun san yawancin mutanenmu ba su da haruffan nan a wayarsu. Sai muka riƙa sa wa kowane abu alamomin nema iri biyu, mai lanƙwasa da maras lanƙwasa. Na biyu, rumbun bayanan da Omeka ke zaune a kai, MySQL, a yadda aka saba saita shi ba ya kula kalmar da ba ta kai harafi huɗu ba. A Turanci wannan ba wani abu ba ne, ƙananan kalmominsu ba su da nauyi. Mu kuwa Isa da Ali da Abu da aya duk harafi uku ne. Wani ɗan garinmu da ke zaune a Legas ya bugo mini waya da faɗa-faɗa wai mun cire kakansa daga tarihin gari. Kakan nasa Isa ne. Yana nan daram, sai dai ka zaɓi neman kalma daidai yadda aka rubuta ta, sannan ya fito. Na rubuta wannan bayanin da Hausa a shafin farko da manyan baƙaƙe.

Da yake na ambaci Hausa: maɓallan ciki, inda mai aiki ke shiga, da Turanci muke amfani da su. Ni ban damu ba, amma Alaramma, wanda ya fi mu duka sanin abin da ke cikin takardun, ba zai iya zama shi kaɗai ya shigar da bayani ba. Sai dai ya faɗa, ɗalibi ya buga. Abin da baƙo ke gani a waje, kanun shafuka da bayanai da labarin nuni, wannan duk mun rubuta da Hausa.

Ajami shi ma da tasa rigimar. Gurabe suna karɓar rubutun Larabci, suna kuma jera shi daga dama zuwa hagu. Amma rubutunmu na Warshu ne: fa'un ɗigonsa a ƙasa, ƙafun ɗigo ɗaya a sama, ga imala. In ka buga da haruffan da ke zuwa a waya, sai ya fito da kamannin bugun Masar, Alaramma ya ce wannan ba rubutunmu ba ne. Akwai wani salon haruffa na kyauta mai suna Alkalami da ƙungiyar SIL ta tsara bisa hannun Kanawa, mai kauri, kamar an ja shi da alƙalamin kara. Ƙanina ya liƙa shi a shafin, kuma wannan aikin sai wanda ya iya taɓa cikin manhajar. Ranar da Alaramma ya ga baitin waƙar wa'azin kakanmu a waya da irin hannun da ya saba gani a allo, bai yaba da baki ba, amma ya karɓi wayar ya kira almajiransa manya biyu su gani.

Ɗaukar hoton kanta ba ruwan Omeka da ita, amma tunda abin da ka ba ta shi za ta nuna, bari in faɗi yadda muke yi. Kafinta ya haɗa mana wani ɗan katako mai kamar ƙaramin teburi da rami a tsakiya, waya tana kwanciya a kai tana kallon ƙasa. Baƙin yadi a shimfiɗe, rula a gefe don a san girman takarda, hasken hantsi daga ƙofar zaure, ba a kunna fitilar waya. Hannu a wanke a bushe, in Alƙur'ani ne da alwala. Littattafanmu ba ɗinkakku ba ne, warƙa-warƙa suke a cikin tadarishi, ba lambar shafi. Abin da ke riƙe jerinsu shi ne kalmar nan guda da mai kwafi kan rubuta a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba. In iska ta watsa maka su, da ita za ka mayar. Don haka kada ka yanke gefen hoto don ya yi kyau, za ka yanke kalmar. Omeka tana barin ka liƙa hotuna da yawa a abu ɗaya ka ja su ka jera yadda kake so, wannan ya yi. Sai dai ƙananan hotunan da take yankowa masu kusurwa huɗu daga tsakiyar shafi take ɗebo su, don haka shafuka hamsin na littafi ɗaya duk kamarsu ɗaya, kuma daga hagu take jero su alhali littafin daga dama ake buɗe shi. Mun saba, amma har yanzu yana yi mini banbaraƙwai.

Maganar kuɗi. Manhajar kyauta ce, mazauninta ne ba kyauta ba. Akwai Omeka.net, inda su da kansu suke riƙe maka shafin tun 2010, ba ruwanka da saiti. Suna ba da gwaji na megabait 500, kuma a nan na koyi aikin, ina kuma ba kowa shawara ya fara daga nan. Amma hoton waya ɗaya yakan kai megabait huɗu, ka ga shafi ɗari da 'yan kai ya cinye wurin, ko rabin Alƙur'ani ɗaya ba a yi ba. Ƙarin wuri da dala ake biya duk shekara, katina na banki kuma ya ƙi. Sai muka kama hayar wuri a wani kamfani na nan gida da ake biya da naira, ƙanina ya ɗora manhajar da kansa. Tana buƙatar saba, wato kwamfutar da ke riƙe shafi a intanet, mai manhajojin PHP da MySQL da wata manhajar rage hoto mai suna ImageMagick. Ka tambayi kamfani ko suna da ukun nan kafin ka ba da kuɗinka. Wanda muka fara kamawa ya taɓa kashe mana shafi kwana tara ba bayani, muka tattara muka koma wani. Abin da ya cece mu shi ne hotunan asali suna gida a faifan ajiya biyu, ɗaya a wurina, ɗaya a Dutse. Waɗanda ke kan shafi ragaggu ne, don mai buɗewa da datar naira ɗari biyu kada ya tsine mana. Kuɗin hayar kuwa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ce ke haɗawa bayan girbi.

Inda Omeka ta ci sunanta shi ne wajen nuni. Da ƙarin da ake kira Exhibit Builder kana ɗebo abubuwa daga rumbu ka jera su shafi-shafi, hoto a gefe, bayani a gefe, ba tare da ka san komai na rubutun kwamfuta ba. Nunin farko da muka yi a kan gyaɗa ne. Muka fara da hoton tsohon ma'auni da ke jingine a bayan gidan dagaci, sai takardar bashin iri, sai muryar wani tsoho yana ba da labarin yadda suke kai buhuna tasha a kan jakuna, daga nan jirgi ya kwashe zuwa Kano inda ake dala da su. Manhajar tana da nau'i na musamman don tarihin baka, da gurbin mai tambaya, da mai amsa, da inda aka yi hirar, da rubutaccen abin da aka faɗa. Abu ɗaya yana iya fitowa a nuni uku ba tare da ka sake ɗora shi ba, kuma in ka gyara bayaninsa a rumbu ya gyaru ko'ina. Wannan tsari ne mai hankali. Abin lura kawai, a Classic abu ɗaya tarin kaya ɗaya yake shiga, don haka wasiƙar da Malam ya rubuta wa dagaci sai ka zaɓa, ko ta gidan Malam ce ko ta gidan sarauta. Mu mun bi gidan da takardar ta fito.

Akwai ƙarin taswira ma, mun gwada, mun sa alama a tsohuwar rijiya da kufan da aka tashi. Ba wanda ya kula da shi sai 'yan birni.

Sauran magana ɗaya, kuma ita ce ta fi nauyi a wurina. A Omeka kowane abu ko dai a buɗe yake ga duniya, ko a rufe sai masu shiga ciki. Ƙofa ɗaya ce, ko a buɗe ko a kulle. Takardun gari kuwa ba haka suke ba. A cikin adakar akwai kundin kakanmu, na laƙani da hatimai da addu'o'i. Da na miƙa hannu Baffa ya dafe shi ya ce, "Wannan ba na waya ba ne. Ni ma sai da na yi shekara arba'in aka ba ni izinin buɗe shi." Ban ɗauki hotonsa ba, kuma ban yi gardama ba. Takardun gona ma haka: ka sa iyakar gonar 1950 a intanet, ka tayar da shari'ar da kakanni suka binne. Gwaggo ta yarda a sa muryarta tana bayanin jeren ɗakin amarya na da, tasoshi da ƙwarya da taskira, amma ta ce hotonta kada ya fita, waƙar niƙan da ta yi a ƙarshe kuma mata kaɗai ta yarda su ji.

Wadda ta hana ni barci wata takardar rabon gado ce. An lissafa gonaki da shanu da tufafi, sannan aka lissafa mutane da sunayensu a cikin dukiya. A matsayina na malamin tarihi na san darajarta: bauta ba ta ƙare a doka a Arewa ba sai 1936, kuma irin wannan shaida daga ƙauye ba ta da yawa. Amma jikokin waɗanda aka ambata suna nan, muna sahu ɗaya da su a masallaci, wasu ɗalibaina ne. Na kai maganar gaban dagaci. Ya saurara har na gama, ya ce, "Malam, in ɗanka ne sunan kakansa ke ciki, za ka sa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zan sa ba." Hotonta yana faifan ajiya, bai hau saba ba ko a rufe.

Daga baya na ji labarin wata manhajar mai suna Mukurtu, wadda aka fara a 2007 tare da al'ummar Warumungu, 'yan asalin Ostareliya, yanzu kuma Jami'ar Jihar Washinton ke kula da ita. An gina ta ne a kan wannan matsalar tamu: al'umma ce ke tsara wa zai ga me, wannan na dangi kaza ne, wannan na mata ne, wannan na dattawa. Ƙanina ya duba ya ce ta fi Omeka nauyi wajen ɗorawa da kulawa, kuma shi kaɗai gare mu. Da muna da mai kula na dindindin da na gwada ta. DSpace kuwa, wadda ta fito a 2002 kuma jami'o'i da yawa ke zuba kundayen digiri a cikinta, rumbu ce ta ajiya, ba ta iya ba da labari ba. Greenstone ta Jami'ar Waikato a Niyuzilan tana aiki ba intanet, wannan ya ja hankalina, amma 'yan garinmu da ke Legas da Fatakwal da Makka su ne rabin masu kallo, su kuwa sai ta intanet.

Wa zan ce ya ɗauki Omeka? Makaranta, ko ƙungiyar ci gaban gari, ko gidan malamai, ko fadar hakimi, matuƙar akwai mutum biyu: ɗaya mai haƙurin zama da tsofaffi yana tambaya yana rubutawa, ɗaya wanda zai iya sabunta manhajar ya kwafe rumbun bayanai lokaci-lokaci. In na biyun babu, a tsaya a Omeka.net a nemi mai biyan dalar. Wanda kuma hotunan biki kawai yake son nunawa, wannan wahala ce a gare shi, Facebook ya ishe shi.

Makon jiya Alaramma ya aiko almajiri da 'yar takarda. Wai a shafi na bakwai na waƙar wa'azin mun karanta wata kalma "gari", alhali "gara" ce, don mai waƙar yana kwatanta duniya da itacen da ake ci ta ciki. Na hau tudun bayan makaranta bayan la'asar na gyara. Almajirin bai tafi ba sai da ya ga gyaran ya fito a wayata, sannan ya ce Malam ya ce in gaya maka akwai wata adakar a gidan ƙanwarsa a ƙauyen gaba, a zo kafin ruwa ya sauka.